Wanne ka karanta har ƙarshe?

Na karanta wani rubutu da marubucinsa ya nuna kamar saɓanin 'yan ƙungiyar karatu kan littattafan soyayya sabon abu ne. Ina! Tun shekarun 1990 ake wannan ja-in-ja, har aka ƙona littattafai a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya. A namu zaman karatun, masu kushe galibi bango kawai suka gani. Mata kuwa suna zuwa da littafi duk ya yi laushi, sun ja layi a wurin auren dole da sakin wulaƙanci, abin da marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ta daɗe tana rubutawa. Batsar da ake tallatawa a WhatsApp kam ba na goyon bayanta. Amma Malam da ka rubuta "duk shirme ne", wanne ka karanta har ƙarshe?