Ba rana ɗaya yaro ke barin makaranta ba

Jiya da yamma na kai wayata gyara, sai yaron da ke bakin shagon ya miƙe ya rusuna ya ce, "Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba ko?" Sai da na ƙura masa ido sannan na shaida shi. Ɗalibina ne a aji ɗaya na babbar sakandare a shekarar 2023. A bencin gaba yake zama, kusa da taga, kuma in na rubuta lissafi a allo, kafin in juyo ya ɗaga hannu. Na ce masa, "A ina ka rubuta WAEC?" Ya sunkuyar da kai yana jujjuya sukudireba a hannunsa, ya ce, "Ai ban kai nan ba, Malam."

Wallahi abin da ya hana ni barci daren jiya shi ne, ni ne malamin ajinsu, amma ban san ranar da ya daina zuwa ba.

Ya ba ni labarin yadda aka yi. Mahaifinsa ne ya kwanta rashin lafiya, ga shi an cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi. Ya koma tafiya a ƙasa, kullum ya makara, kullum a tare shi a bakin ƙofa da bulala ko tsallen kwaɗo. Sai ya ga in ya makara gara ya wuce shagon maƙwabcinsu ya samu na cefane. Daga kwana ɗaya a mako ya koma uku. Ranar da ya dawo, an wuce shi babi biyu, wani malami ya tsayar da shi gaban aji aka yi masa dariya. Da aka yi hutun ƙarshen zango, shi ke nan. Ya ce babu wanda ya taɓa zuwa gidansu ya tambayi ko lafiya.

Ajin nan namu ya haura mutum ɗari. Monita ke kiran rajista, a amsa daga baya a ce "ba ya nan", a wuce suna na gaba. Wannan ba uzuri ba ne a gare ni, amma haka abin yake a makarantun gwamnati da yawa. Yaro na shafe watanni yana zamewa a gaban idonmu, sai ya tafi sannan mu ce ya lalace.

Na gaji da jin cewa wai iyayenmu ne ba sa son boko. Ruwa ba ya tsami banza. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, daga nan ta saki hannun yaro. To a daidai wannan gaɓar ake yin asara mai yawa. A ƙauyuka da dama ƙaramar sakandare na kusa, amma babbar sai an je hedikwatar ƙaramar hukuma. Wane uba ne zai saki 'yarsa mai shekara goma sha biyar ta bi hanyar daji ita kaɗai safe da rana? Balle bayan abin da muka gani a Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe yara maza fiye da 300, da Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka ɗauke 'yan mata 279, sannan Kuriga a Maris ɗin 2024. An rufe makarantun kwana na tsawon lokaci a wurare da yawa, kuma ba duk wanda ya koma gida ne ya dawo ba. Uban da ya riƙe ɗansa a wannan hali tsoro ne ya kama shi, kuma tsoron nasa na da dalili.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa. Makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa, ba ta da ruwa, budurwa za ta riƙa fashin kwanaki duk wata. Ga kuɗin audugar mata, ga talla da ake jira ta kawo don kayan ɗaki. In ta yi ta fashi har karatun ya kuɓuce mata, sai a ce ai dama ba ta da ƙoƙari, a ɗaura aure. Ni ban ga dalilin da zai sa aure ya zama ƙarshen karatu ba. Tun 1980, zamanin Abubakar Rimi, jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, kuma mata da yawa sun yi karatu da goyo a bayansu ta wannan hanya. Me zai hana a sa sharaɗin ƙarasa sakandare tun wajen neman aure, waliyyai su shaida?

Su kuwa samari, tambayarsu ɗaya ce: "Malam, wane ya gama digiri, ga shi yana jan Adaidaita, ni me zan zauna yi?" Kada mu yi musu tsawa, tambayar na da nauyi. Yaron da ke samun na kashewa a gareji ko wajen gyaran waya ba zai bar wannan don alkawarin aikin ofis da bai gani ba. Abin yi shi ne a daina sa shi zaɓi tsakanin sana'a da aji. A buɗe ajin yamma na gaskiya, a farfaɗo da kwalejojin fasaha masu rubuta NABTEB, wato jarrabawar kammala karatun sana'o'i da kasuwanci, a bar yaro ya yi karatu da safe ya tafi wajen maigidansa da la'asar ba tare da an ɗauke shi ɗan iska ba.

Shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda ya fara da jihohi bakwai har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ya kama hanya mai kyau: gyaran ajujuwa da banɗakuna, da ba iyayen 'yan mata marasa ƙarfi ɗan tallafi don yaran su ci gaba da zuwa. Sai dai kuɗin rance ne, yana da ranar ƙarewa, ya kamata jihohi su sa irinsa cikin kasafinsu.

Amma ni yau abin da ya fi damuna wanda ba ya cin ko sisi ne. Yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, malamin aji ya kira gidansu. In ba waya, a aika abokin zamansa. In ya kai mako, a je da ƙafa, a sanar da mai unguwa da limamin masallacinsu. A daina korar yaro gida don kuɗin PTA ko don wandonsa ba kalar na makaranta ba ne. A tambayi mai makara daga ina ya taso kafin a ɗaga masa bulala. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu fitar da zakka su nemi sunayen waɗanda kuɗin NECO ya gagara, maimakon walimar shekara-shekara.

Kafin in bar shagon na faɗa masa cewa WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma akwai ajin yamma kusa da su. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ban girme wa aji ba kuwa?" Shekarunsa goma sha tara. Maigidansa ya ce zai riƙa sakinsa bayan la'asar in har da gaske ne. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je in gaida mahaifinsa, ziyarar da ya kamata in yi tun 2023.