Nasiha ga ɗaliban aikin gona: ku san yadda shuka take gane cuta

'Yan'uwana matasa masu karatun aikin gona, abin da yake damuna shi ne da yawa daga cikinku sun haddace sunayen magungunan feshi, amma idan aka tambaye su yadda shuka take kare kanta sai su yi shiru, alhali a kan wannan ilimi aka gina duk wani iri mai jure cuta da za ku miƙa wa manomi.

Shuka tana da masu gadi kashi biyu. Na farko suna jikin fatar ƙwayar halitta, kamar furotin ɗin FLS2 da masanin kimiyya Thomas Boller da abokiyar aikinsa suka gano a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 2000, wanda yake shaida wani ɗan guntu na wutsiyar da bakteriya take iyo da ita. Da zarar ya kama guntun, sai ya haɗu da abokinsa BAK1, kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayar, ƙofofin numfashi na ganye su rufe, bangon ƙwayar kuma ya ƙara kauri.

Ita ma cuta ba ta zauna haka nan ba, domin takan tura nata furotin ciki don ta toshe wannan gargaɗi. A nan ne kashi na biyu, masu gadin da suke can cikin ƙwayar, waɗanda ake kira NLR, suke tashi. A 2019 masana a Beijin suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, ZAR1, yakan harhaɗu guda biyar idan ya ji motsin baƙo, daga baya kuma aka tabbatar cewa wannan haɗaka takan buɗe wa kalsiyam hanya har ƙwayar da ta kamu ta mutu, cutar ta rasa abin ci. Saboda haka ba kowane ɗigon ƙuna a ganye ne alamar shuka ta sha kashi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk wannan kariya ta dogara ne ga ganewa, kuma idan cuta ta sauya kama, mai gadi ba ya shaida ta. Haka tsatsar alkama ta Ug99, wadda ta ɓulla a Yuganda, ta karya juriyar da ƙwayar gadon Sr31 take ba alkama, wadda aka daɗe ana dogaro da ita. Ko irin waken da ake kira B301, wanda aka samu ƙwayar gadon RSG3-301 a jikinsa a 2009, yana jure wuta-wutar da take addabar wake a Nijar da arewacin Nijeriya, amma nau'in da yake Zakpota a Jamhuriyar Benin yana kama shi.

Don Allah, kada ku ce wa manomi iri kaza ba ya kamuwa har abada. Ku fara bincikar wace ƙwayar gado irin yake ɗauke da ita, da kuma nau'in cutar da yake yankin, sannan ku riƙa zagaya gonar kowace damina, ku kai rahoto cibiyar bincike idan kuka ga irin ya fara kamuwa.