Lardin Bereg da masu rabon gado tun mai kaya na da rai

Tun ranar da Laszlo Toroczkai, shugaban jam'iyyar Mi Hazank ta masu zafin kishin ƙasa a Hangari, ya miƙe a taron jam'iyyarsa cikin watan Janairun 2024 ya ce in har Yukren ta rushe su ma za su nemi Zakarpatiya, yankin yammacin Yukren da ke iyaka da Hangari, maganar nan ta ƙi kwanciya. Ba a yi wata biyu ba Dmitry Medvedev, tsohon shugaban Rasha, ya tsaya gaban wata ƙatuwar taswira a birnin Sochi, an yayyanka Yukren kamar naman layya, Folan da nata kason, Romaniya da nata, Hangari ma an ajiye mata tsoka. Kafin su duka, a Nuwamban 2022, Viktor Orban, firaministan Hangari a lokacin, ya je kallon ƙwallo da ƙyallen magoya baya a wuya, ɗauke da zanen tsohuwar masarautar Hangari da ta haɗiye yankunan maƙwabtanta na yau.

'Yan siyasa dai sana'arsu suke yi. Masu ba ni haushi su ne masu sharhin da suka hardace jimla ɗaya suna ta maimaitawa a Facebook da gidajen rediyo: wai ai dama ƙasar Hangari ce, a 1920 aka ƙwace. Ka tambaye su wane lardi, wane kogi, su wa ke zaune a wurin, sai su hau kame-kame. To mu ɗauki lardi guda, wanda shi ne zuciyar rigimar, mu buɗe shi mu gani.

Bereg lardi ne a arewa maso gabashin tsohuwar masarautar Hangari, yau mafi yawansa na cikin Zakarpatiya, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 3,800 ba. Daga arewa ya jingina da duwatsun Karpat, inda ya yi iyaka da Galisiya da ke hannun Ostiriya a lokacin. Daga kudu kogin Tisa ne ya tare shi. Lardin Ung na yamma da shi, Maramarosh na gabas, Ugocha da Satmar da Sabolch suna kewaye da shi ta ƙasa. Hedikwatarsa Beregsas, wanda yau ake kira Berehove, amma gari mafi girma shi ne Munkac, wato Mukachevo. Dab da yaƙin duniya na farko gundumomi bakwai gare shi, ban da waɗannan garuruwa biyu masu hukumar kansu.

Wanda ya dubi shimfiɗar ƙasar zai gane cewa wurare biyu aka ɗaure da igiya ɗaya. Kudu fadama ce shimfiɗaɗɗiya, mita ɗari da 'yan kai a saman teku, ƙasar alkama da masara, da tuddan inabi a kewayen Berehove. Arewa kuwa daji ne da tsaunuka, wasu ƙololuwan Borzhava sun haura mita 1,600, ƙasa ce ta katako da tumaki da dankali, wadda ba ta ciyar da mai nomanta har shekara ta zagayo. Koguna biyu, Latorisa da Borzhava, su ke gangarowa daga sama su haɗa su. A fadama masu harshen Hangari ne, yawancinsu Kiristoci 'yan Furotesta mabiya ɗarikar Kalbin. A kan dutse Rusinawa ne, harshensu ɗan'uwan na Yukren, cocinsu na Katolika ne mai bin tsarin ibadar Gabas. Da kaka Rusinawa kan sauko fadama su yi girbi a biya su da hatsi, da hunturu su koma sare itace. Wanda ya shata iyakar Bereg bai damu da harshen kowa ba. Haraji yake nema, da sojoji, da hanyar da za ta bi ta mashigar Verecke ta tsallake dutse.

Asalin lardin ma dajin farautar sarki ne a cikin wani tsohon lardi mai suna Borshova. Bayan da Mongolawa suka shigo ta wannan mashiga ta Verecke a 1241 suka yi kaca-kaca da ƙasar, sai sunan Bereg ya maye gurbin na da. Shugaban lardi sarki ke naɗa shi, mataimakinsa kuma, wanda shi ke riƙe da aikin yau da kullum, masu sarautar lardin ke zaɓensa a majalisarsu. Talaka manomi, Bahangare ne ko Barusine, ba shi da kujera a wannan majalisa. Bayan an murƙushe tawayen da basarake Rakoczi ya jagoranta kan mulkin Ostiriya daga 1703 zuwa 1711, wanda a nan Bereg aka fara ɗaga tutarsa, a Tarpa da Vari da Beregsas, kuma manoman Rusinawa na cikin waɗanda suka fara amsa kiransa, sai sarkin Ostiriya ya ƙwace gandun Munkac ya damƙa wa dangin Schonborn, Jamusawa. Wannan gandu ya ci babban ɓangaren lardin, kuma ya zauna a hannunsu kusan shekara ɗari biyu. In ana neman wanda ya mallaki Bereg da takarda a hannu, gidan Schonborn za a nufa, ba ofishin wata jam'iyya a Budapest ba.

Sai ƙidayar 1910, wadda masu taswira ke riƙe da ita kamar layar tsari. Ta nuna mutum dubu 236 da ɗoriya a lardin: kusan kashi 48 cikin ɗari masu harshen Hangari, kusan kashi 43 Rusinawa, kusan kashi 9 masu Jamusanci. Ko a hakan Hangariyawa ba su kai rabi ba. Amma akwai abin da ba a faɗi. Harshe ƙidayar ta tambaya, kuma ba ta amince da Yidish, harshen Yahudawan yankin, a matsayin harshe mai zaman kansa ba. Don haka duk Bayahude dole aka rubuta shi ko mai harshen Hangari ko mai Jamusanci. A shafin addini na wannan ƙidayar Yahudawa sun kai kashi 14 cikin ɗari na lardin, a garin Munkac kuwa sun haura kashi 40. Cire su daga lissafin ka ga inda kashi 48 ɗin zai sauka. Ƙara da cewa an yi ƙidayar ne shekara uku bayan dokar makarantu ta Apponyi ta 1907, wadda ta matsa wa makarantun ƙananan ƙabilu su cusa wa yara harshen Hangari, a zamanin da kowane ɗan kasuwa da ma'aikaci ya san amsar da hukuma ke son ji.

Ina waɗancan Yahudawa suke yau? A watannin Afrilu da Mayun 1944, yankin yana hannun Hangari, 'yan sandan karkara na Hangari suka tattara su a masana'antun bulo na Munkac da Beregsas, aka loda su a jiragen ƙasa zuwa Auschwitz. Mutumin da zai ɗauki kawunansu ya cika lissafinsa na 1910, bayan ƙasar da yake yi wa iƙirari ita ta taimaka aka kai su mahallaka, ya kamata kunya ta hana shi buɗe baki.

Ba na musun cewa yarjejeniyar Trianon ta 4 ga Yuni, 1920, wadda ta shata iyakokin Hangari bayan yaƙin duniya na farko, ta yi mata yankan ƙauna. Ta rasa wajen kashi biyu cikin uku na ƙasarta, kuma a Bereg an ja layin ne kudu da inda harshe ya rabu, don a ba Cekoslobakiya layin dogon da ke bin gindin duwatsu ya haɗa ta da Romaniya. Ƙauyukan da ba kowa cikinsu sai Hangariyawa suka wayi gari a wata ƙasa. Ɗan guntun da ya rage wa Hangari, kewayen Tarpa da Vasharoshnamen, bai isa lardi ba, a 1923 aka haɗe shi da ragowar Satmar da Ugocha. Wannan zalunci ne, an yarda. Sai dai an riga an gwada maganin da masu taswira ke tallatawa. A ranar 2 ga Nuwamba, 1938, Jamus ta Hitler da Italiya ta Mussolini suka zauna a Biyana suka mayar wa Hangari fadamar, har da Munkac da Beregsas, aka bar ƙauyukan dutse ba kasuwa ba jirgin ƙasa. A Maris 1939 sojojin Hangari suka haura suka mamaye sauran. Shekara shida ba ta cika ba sojojin Sobiyet suka iso a Oktoban 1944, a Nuwamba aka kwashe mazajen Hangariyawa da Jamusawa masu shekara 18 zuwa 50 da sunan ɗan aikin kwana uku, aka tara su a sansanin Svaliava, wanda shi ma a cikin tsohon Bereg yake, dubbai ba su dawo ba. A ranar 29 ga Yuni, 1945 Cekoslobakiya ta sa hannu ta bar wa Tarayyar Sobiyet yankin. Manomin Berehove da aka yi rigimar da sunansa shi ya biya kuɗin, waɗanda suka zana taswirar ba su kwana a Svaliava ba.

Yau kuma fa? Ƙidaya ɗaya tak Yukren ta yi tun samun 'yancinta, ta 2001. Ta nuna Hangariyawa kusan dubu 150 a duk Zakarpatiya, kashi 12 cikin ɗari. A tsohuwar gundumar Berehove sun kai kashi uku cikin huɗu, amma a Mukachevo ba su kai kashi 10 ba. Tun daga nan fasfon da Budapest ta fara rabawa a 2011, da neman aiki a Turai, da yaƙin da ya ɓarke a 2022, duk sun ƙara kwashe mutane. Wanda ke cewa a ba Hangari yankin yana cewa ne a ɗauki mutum fiye da miliyan ɗaya da ba Hangariyawa ba a sa su ƙarƙashin tutar da ba su nema ba, wato a sake yin Trianon, a juya ta kawai. Kuma ita kanta Hangari ta sa hannu a yarjejeniya da Yukren a Disamban 1991 cewa ba ta da wani iƙirarin ƙasa a kanta. Takardar tana nan, ba a yage ta ba.

Shi ya sa wasan sunaye da aka yi a Budapest bai burge ni ba. Daga 1 ga Janairu, 2023 aka dawo wa lardunan Hangari da tsohon sunansu na zamanin sarauta, shugabannin ofisoshin gwamnati na lardi kuma tun a 2022 aka mayar musu da laƙabin wakilan sarki na da, a ƙasar da ba ta da sarki. An sauya alluna da hatimai da kan takardu. Lardin Sabolch-Satmar-Bereg, wanda aka maƙala wa sunan Bereg a 1990, yana nan inda yake cikin matalautan lardunan ƙasar. Sunan bai gyara ko kwalbati ɗaya ba.

Masu cewa duk laifin na Budapest ne su ma ba su duba da kyau ba. Dokar ilimi ta Yukren ta 2017 ta taƙaita karatu da harshen uwa bayan firamare, sai a Disamban 2023, da ƙofar Tarayyar Turai ta matso, aka sassauta ta. Hukumar garin Mukachevo kuma ta sa aka sare mutum-mutumin tsuntsun Turul, alamar al'ummar Hangari, daga ganuwar Palanok a Oktoban 2022, ganuwar da Ilona Zrinyi, mahaifiyar Rakoczi, ta riƙe daga 1685 zuwa 1688 tana kare ta daga sojojin Ostiriya. Wannan wauta ce, kyauta aka miƙa wa Toroczkai da ire-irensa. Amma makaranta da mutum-mutumi abubuwa ne da doka ke gyarawa, ba sa bukatar a taɓa iyaka.

In ana son a ga inda tsohon Bereg yake da rai har yanzu, a dubi ruwa. Tun 1846 aka fara miƙar da kogin Tisa, aka yanke lanƙwashe-lanƙwashensa har tsawonsa ya ragu daga kilomita sama da 1,400 zuwa ƙasa da 1,000, aka ɗaure shi tsakanin shingayen ƙasa, aka busar da fadamar Sernye da a da take shanye rarar ruwa. Sakamakon shi ne in ruwan sama mai ɗumi ya sauka kan ƙanƙarar duwatsu, ruwan ba shi da inda zai tsaya, cikin kwana ɗaya ko biyu kogin ya tashi da mitoci. A Nuwamban 1998 ɓangaren Yukren ya sha kashi. A ranar 6 ga Maris, 2001 shinge ya fashe kusa da Tarpa a ɓangaren Hangari, ruwa ya shanye ƙauyuka irin su Takosh da Charoda da Gulach, gidajen tubalin laka suka narke, har sai da aka yanka babbar hanya mai lamba 41 don ruwan ya samu mafita. Magudanan da ke kwashe ruwan wannan fili, irin su Charonda, tun zamanin lardi aka haƙa su a matsayin tsari guda, kuma suna tsallaka iyaka zuwa Latorisa. In famfo ya tsaya a ɓangare ɗaya, gonar ɗaya ɓangaren ce ke nutsewa. In an share daji a saman Svaliava, mutumin Tarpa ne zai kwana a kan rufin ɗaki.

A nan aikin yake, kuma ba mai ɗaukar hoto da shi. A haɗa ma'aunan ruwa na dutse da na fadama a tsari ɗaya, a yashe magudanan tare, a faɗaɗa mashigar Beregshuran da Luzhanka don kada mai zuwa jana'izar ɗan'uwa a ƙauyen da yake hangowa ya yini a layi, a bar yaron Berehove ya yi lissafi da harshen uwarsa ya kuma iya na Yukren sosai. Hangari ta gina matarar rarar ruwa a nata ɓangaren Bereg bayan bala'in 2001, amma ruwan da zai cika ta daga duwatsun Yukren yake tasowa, kuma labarin tasowarsa sai an bugo waya daga can.