Kofin da aka ci a ofis bayan shekara ɗari

Tun watan Agustan 2025 da jami'ar Auburn ta tashi rana tsaka ta ce kambunta na ƙasa a ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i guda tara ne abin yake cina. Jiya-jiya kowa ya san biyu gare su, na 1957 da na 2010, yau kuma sai ga tara, babu wasan da aka buga babu wanda ya zubar da gumi, kawai an shiga ɗakin ajiya an kakkaɓe tsofaffin takardu an fito da 1910 da 1913 da 1914 da wasu huɗu an liƙa a bango. Haba jama'a.

A 1910 ɗin nan fa Texas ta doke Auburn. A shekarar Pittsburgh ta buga wasa tara ta cinye duka, ko maki ɗaya ba a zura mata ba. To wa ya kamata ya ɗaga murya?

Masu kare su za su ce ai kowa ma haka yake yi. Wannan ba hujja ba ce, tona asirin kowa ne kawai. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ba ta taɓa naɗa zakara a hukumance a babban rukunin ƙwallon jami'o'i ba, ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin dillancin labarai na AP, mai jera ƙungiyoyi bisa bajinta, sai 1936 ta kafu, kafin nan kuwa filin a buɗe yake, duk mai biro da lissafi sai ya zauna ya raba kofuna son ransa. Shi ya sa Princeton take iƙirarin 28, Yale kuma 27, yawanci na kafin 1900. Duba 1869 ka sha dariya: wasa biyu kacal aka buga a duk kakar, Rutgers ta ci Princeton 6 da 4 ranar 6 ga Nuwamba, bayan mako guda Princeton ta rama 8 da nema, mutum 25 kowane ɓangare suna bin ƙwallo da ƙafa, abin ma ya fi kama da tamaula. Wai wannan shi ne kambun ƙasa, kuma an raba musu su biyu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Parke Davis. Mutumin nan ya zauna a farkon shekarun 1930 ya bi tarihi tun daga 1869 yana naɗa zakaru shekara bayan shekara. Tsohon ɗan wasan Princeton ne fa. Da ya iso 1896 sai ya raba kambun tsakanin Princeton da Lafayette, kuma kocin Lafayette a shekarar ba kowa ba ne illa shi kansa. Tuwona maina ke nan. Ban ce Lafayette ba ta taka rawa ba, ta riƙe Princeton canjaras babu ci, amma alƙali ba ya yanke hukunci a shari'ar gidansu, kuma har yau jerin nasa na cikin waɗanda ake kafa hujja da su.

Alabama ma ba kanwar lasa ba ce. Cikin 18 da take ƙirgawa akwai na 1941, shekarar da aka doke ta sau biyu, AP ta ajiye ta a ta 20, Minnesota kuwa ta cinye wasanninta takwas. Wani tsarin lissafi guda na Houlgate ne ya ɗora ta a sama, sai a shekarun 1980 wani jami'in yaɗa labarai na jami'ar ya tono shi ya ƙara a littafi.

Na yarda akwai shekarun da gardamar ta gaskiya ce. A 1901 Michigan ta zuba maki 550 ba a ci ta ko ɗaya ba, Harvard ma ta cinye wasanninta 12, ba su haɗu a shekarar ba, gabas inda Harvard take na ganin yamma inda Michigan take 'yan ƙauye ne. Wannan kam a yi ta musu har gobe, da daɗi ma.

Ni dai tambayata ɗaya ce ga kowane iƙirari: mutanen da suka zauna a bakin fili a shekarar, da jaridun da suka fito washegari, sun kira ku zakaru? In sun kira, ku rataya tutarku. In kuwa wani ne ya latsa kwamfuta bayan 'yan wasan duk sun kwanta dama, to a rubuta sunan mai lissafin da shekarar da ya yi shi a jikin tutar, da manyan baƙi, mu ga ko Auburn za ta yarda ta rataya ta 1910 a haka.