Ƙazuwa da ƙora ma suna buƙatar masu bincike a Damagaram

Duk wanda ya san makarantun allo na Damagaram ya san ƙazuwa. Dubi hannun yaro lokacin da yake riƙe da allo: tsakanin yatsu ya yi fari-fari saboda susa, wuyan hannu duk ƙuraje, wasu sun fashe suna ruwa, wasu sun yi ɓawo. Da rana yana daurewa. Da dare kuwa, idan jiki ya ɗumama cikin mayafin da yara da yawa ke rufa da shi, sai ƙaiƙayi ya taso, ya sami guntun kara yana kartar jikinsa har asuba. Mun saba da ganin haka har ya daina tayar mana da hankali. "Ai ƙazuwa ce," in ji mu, mu wuce.

Ni a ganina irin wannan cuta ce ta fi cancantar likitocinmu su zauna su yi mata bincike na ƙwarai, kuma a nan cikin garin, a Birni da Zango da Garin Malam. Ba ƙirƙiro sabon magani nake nufi ba, wannan aikin masu manyan ɗakunan gwaji ne. Magungunan cututtukan fata da suka fi damunmu tuni suna nan. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za su yi aiki a jikin mutanenmu, da irin zamanmu, da irin ƙarancin ruwanmu. Wannan kuwa babu wanda zai zo daga Paris ya amsa mana shi.

Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai. Macen tana haƙa rami a cikin fata tana zuba ƙwai, kuma wanda ya kamu karon farko yakan yi makonni 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayi ya fara, alhali yana ta yaɗa ta ga waɗanda yake kwana da su. Shi ya sa maganin mutum ɗaya ba ya kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita, kuma sai a 2017 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Abin da ya ɗaga darajar maganar shi ne wani gwaji da aka yi a tsibiran Fiji, aka buga sakamakonsa a 2015. An raba al'ummomi gida uku. Wasu aka bar su kan tsarin da aka saba, wato a yi wa mai cutar da mutanen gidansa magani. Wasu aka ba kowa da kowa man shafawa na permethrin. Wasu kuma aka ba kowa ƙwayar ivermectin ya haɗiye. Bayan shekara guda, inda aka ba da ƙwayar, masu ƙazuwa sun ragu daga kashi 32 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 2, wato raguwar fiye da kashi 90 cikin 100. Inda aka shafa mai sun ragu da kashi 62 cikin 100, inda aka bi tsohon tsari kuma da kashi 49. Gyambunan da ke biyo bayan susa su ma sun ragu ƙwarai.

Ivermectin ba baƙo ba ne a Nijar. Yana cikin makaman da aka yaƙi cutar makantar kogi da tundurmi da su, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi. To me zai hana a kwafo abin da aka yi a Fiji kawai a huta? A nan gizo yake saƙa. Mutanen tsibiri ba sa yawan shige da fice, ruwa ya kewaye su. Almajiranmu kuwa da kaka suke shigowa daga ƙauyukan Magarya da Matamai da Mirriya, wasu daga tsallaken iyaka, da damina su koma gona. Idan aka ba makaranta magani a watan da rabin yaran ba su iso ba, sababbin zuwa za su dawo da cutar. Wane wata ya fi dacewa? Ƙwayar ba ta kashe ƙwai, don haka ana son a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Yara nawa za a sake samu a wuri ɗaya a wannan rana? Ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, ba a ba mai juna biyu, saboda ba a tara isasshiyar shaida a kansu ba; su sai man shafawa, wanda ake so a shafe jiki duka a bar shi ya kwana sannan a yi wanka. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, wa zai biya kuɗin wankan da wankin mayafan? Kowace daga cikin waɗannan tambaya ce ta bincike, ana iya raba makarantu gida biyu a gwada, a ƙirga, a gane.

Na san abin da za a ce, kuma masu cewar suna da hujja. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara, tamowa tana kashe su, mata suna mutuwa wurin haihuwa, kuɗin kiwon lafiya kuma bai taɓa isa ba. Wa zai bar waɗannan ya koma kan ƙaiƙayi? Amsata ta farko ita ce ƙazuwa ba ta tsaya a fata ba. Inda yaro ya karce, ƙwayoyin cuta suna shiga, kuma nau'in da ake kira streptocoque yana iya jawo ciwon ƙoda, har ana danganta shi da ciwon zuciyar da ke lalata ƙofofinta. Yaron da aka kawo asibiti fuska da ƙafafu a kumbure, fitsari ya yi ja, mai yiwuwa daga tsakanin yatsunsa abin ya faro makonni kaɗan da suka wuce.

Amsa ta biyu ita ce kuɗin tuni ana kashe su, a banza ne kawai. A Mali an yi wani aiki da ya kamata kowane shugaban gundumar kiwon lafiya ya sani. Likita Antoine Mahé da abokan aikinsa sun ba ma'aikatan ƙananan asibitoci kimanin 400 horo na yini ɗaya tak kan gane cututtukan fata da aka fi gani, sannan suka bi sawu suka auna. Rahoton da suka buga a 2005 ya nuna marasa lafiyar da suka sami ganewa da magani daidai sun tashi daga kashi 42 cikin 100 zuwa 81, kuɗin takardar magani kuma ya ragu da kashi 25. Wannan ma bincike ne, kuma bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba. Mali ma ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi kamar tamu.

Ku je Kasuwar Dole ku tsaya kusa da mai tiren magunguna. Uwa za ta zo da yarinya, ta ɗaga mata riga ta nuna makero a baya, zagaye kamar an zana. Mai tire zai miƙo ɗan kwalin mai, ya ce, "Hajiya, wannan shi ne mai ƙarfi, kwana biyu za ki ga ya kwanta." Kuma gaskiya zai kwanta, domin yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin corticoïde mai ƙarfi, irin su clobétasol ko bétaméthasone, wanda ke kashe ƙaiƙayi da kumburi nan take amma yana ba naman gwarin da ke haddasa makeron damar bazuwa. Bayan wata guda makeron ya cinye rabin baya, kamanninsa sun sauya, har likita ma sai ya yi da gaske kafin ya gane shi. A Indiya yawan amfani da irin waɗannan mayuka na haɗe-haɗe ya taimaka wajen ɓullar wani nau'in makero da ba ya jin maganin terbinafine, kuma tuni ya ƙetara zuwa wasu nahiyoyi. Mayukan nan su ne kuma mata da yawa ke shafawa don hasken fata, tare da sinadarin hydroquinone, wani lokaci har da sinadarin mercure mai lalata ƙoda. Ƙora ta kan yara ma haka: shafa mai ba ya warkar da ita, sai an sha magani irin griséofulvine na makonni 6 zuwa 8, amma iyaye nawa aka taɓa gaya wa haka? Ɗaukar samfurin mayukan da ke kasuwa a auna abin da ke cikinsu, da kankaro fatar masu makero a duba wane nau'i ne kuma wane magani yake ji, aiki ne da ɗalibin likita mai ƙwazo zai iya farawa idan ya sami malami da ɗan tallafi.

Akwai kuma matsalar da ta shafi baƙar fata kai tsaye. Littattafan da likitoci ke karatu da su an rubuta su ne bisa farar fata. Wani nazari da aka buga a 2018 ya duba hotuna fiye da 4,000 a manyan littattafan likitanci, ya tarar kashi 4.5 cikin 100 ne kawai ke nuna fata mai duhu. Littafi ya ce a nemi wurin da ya yi ja, a jikinmu kuwa wurin yakan yi duhu ne ko toka-toka. Wannan yana da nauyi a kan kuturta. Alamarta ta farko wani tabo ne da ya fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba zafi, idan an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Ma'aikacin jinyar da bai saba ba zai ce kyasbi ne. Alhali maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kuma wanda aka gano da wuri ba zai rasa yatsa ko ɗaya ba. Gwajin da aka yi a Bangaladash, aka buga a 2008, ya nuna shan maganin rifampicine sau ɗaya yana rage haɗarin kamuwa ga makusantan mai cutar da kashi 57 cikin 100 a shekaru biyu na farko. Amma kafin a ba maƙwabta magani sai an gaya musu dalili, kuma garin da ke da unguwar Kara-Kara, inda aka keɓe kutare a da, ya san abin da sunan kuturta ke jawo wa iyali. Yadda za a yi wannan rigakafin ba tare da an tona asirin mai cutar ba, mu ne za mu gano shi, da harshenmu da sanin kunyarmu.

Abin da ke ƙara min takaici shi ne sunan garin nan ya daɗe a tarihin wannan fanni. A 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya rubuta rahoto kan gyambunan yankin Zinder, wato Damagaram, kuma shi ne ake ambata a matsayin rahoton farko na cutar leishmaniose ta fata a Afirka ta Yamma, cutar da wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ke yaɗawa. Sama da shekara ɗari ke nan ana ambaton Zinder a matsayin wurin da aka ga cuta. Ina so a fara ambatonta a matsayin wurin da aka gwada magani.

Ba zan tsallake maganar tsoro ba. Kowane Bahaushe da ya kai wasu shekaru ya ji labarin Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ba ne, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Malamin da ya ce ba za a taɓa masa almajirai ba, ba jahilci ke damunsa ba, amanar ƴaƴan mutane ce a hannunsa. Kuma a nan akwai tambaya mai wuya: yaron da ubansa ke wani ƙauye bayan Dungas, wa ke da hurumin amincewa a madadinsa? Ni ra'ayina yardar malam ita kaɗai ba ta wadatar ba, a nemi uba ko ta waya ne, a yi masa bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, a gaya masa yana da ikon cewa a'a kuma za a yi wa ɗansa magani duk da haka. Zai jinkirta aiki, to ya jinkirta.

Kuma an riga an nuna ana iyawa a ƙasar nan. A Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada rigakafin gudawar rotavirus mai jure zafi kan jarirai fiye da 3,500, aka buga sakamakon a 2017. A jihar Doso aka yi ɓangaren Nijar na babban gwajin maganin azithromycine da aka buga a 2018, wanda ya nuna raguwar mutuwar ƙananan yara a Nijar da kashi 18 cikin 100. Ƴan ƙasa ne suka shiga gida-gida, suka auna, suka rubuta.

Magungunan gargajiya ma a sa su a ma'auni. Man kaɗanya, ganyen dogon yaro, lalle, mutane suna amfani da su ko likita ya so ko bai so ba. Wanda ke da amfani a tabbatar, wanda ke ƙona fata a faɗa wa jama'a a rediyo.

Damagaram tana da Jami'ar André Salifou mai tsangayar kiwon lafiya, tana da babban asibitin ƙasa, kuma kowane ɗalibin likita sai ya rubuta kundin bincike kafin ya kammala. A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya sa cututtukan fata cikin manyan abubuwan da za a ba fifiko, wanda ke nufin mai neman tallafi yanzu yana da takardar da zai dogara da ita. Abin da nake roƙon malaman tsangayar shi ne su haɗa ɗalibai ƴan aji ɗaya a kan tambaya ɗaya maimakon kowa ya kama gabansa: su zaɓi makarantun allo da na boko ta hanyar ƙuri'a, su duba fatar kowane yaro da rani su sake dubawa bayan kaka, su ɗauki hotuna da izini don a tara kundin koyarwa na baƙar fata, su yi wa duk wanda suka samu da cuta magani nan take. Idan sun gama, kafin a aika da sakamakon wata mujallar waje, a fara tara malamai da masu unguwanni da iyaye a karanta musu shi da Hausa.