Ranar da ɗamara ta ci amanata a Zeravna

Abokin karatuna ɗan Bulgeriya ne ya ja ni Zeravna, wani ƙauye mai tsoffin gidajen katako kusa da garin Kotel. Tun 2008 ake yin bikin tufafin gargajiya a can duk watan Agusta, kuma dokarsu ba sassauci: ba mai shiga sai da kayan kakanni, waya da agogo da baƙin tabarau kuwa a bar su a waje. Na ce ai mu da muka saba da babbar riga da rawani, wane kaya ne zai gagare mu?

A bakin ƙofa na yi hayar nawa: wandon ulu mai kauri da suke kira poturi, da hular gashin tunkiya, da takalmin fata mai kama da kwalekwale. Ulu fa, a Agusta! Sai wata jar ɗamara doguwa kamar rawanin hakimi. Mai hayar ya miƙo hannu zai naɗa min, na ce ya bari. Na zagaya ta sau uku, na cusa bakin a gefe, na shige ina taƙama.

Ciki kuwa ana ta gashin raguna, hayaƙi ko'ina. Masu gaida suna busa, wato salkar fatar akuya mai sarewa a jiki, ga mai babbar ganga tapan yana dukanta da ƙaton gula a hannu ɗaya da siririn tsumagiya a ɗayan. Ina tsaye ina kallon horo, rawar da ake yi a jere, sai wata tsohuwa ta nuna ni ta nuna layi. A can kaka mace ce ake ce wa baba, wannan ma sai da ya rikita ni wata guda. Na girgiza kai alamar a'a. Na manta shaf cewa a ƙasar nan girgiza kai na nufin e.

Kafin in ce uffan ina cikin layi. Ashe wannan horon ba hannu ake riƙewa ba, ɗamarar na kusa da kai ake kamawa. Baba ta damƙi tawa ta dama, wani ƙato mai gashin baki ya damƙi ta hagu, aka nausa dama. Ni ina ƙirga ƙafa, su suna tafiya, mai ganga yana ƙara wuta.

Sai na ji wata iska mai daɗi a ƙugu. Na duba, ga baba can gaba da bakin ɗamarata a hannu, tana ta rawarta, ni kuma ina juyawa kamar mazari ana warware ni. Poturi ya fara gangarowa. Na saki kowa na cafke shi da hannu biyu, hular ta rufe min ido, layin ya tsinke gida biyu. Mai gaida dariya ta ƙwace masa, salkar ta yi kukan akuyar da aka taka.

Na gode Allah da dokar hana waya, don da tuni bidiyon ya riga ni isa Kano.

Baba ta dawo tana faɗa da yarensu, ta sa abokina ya riƙe ɗaya bakin ɗamarar ya ja, ta juya ni ta naɗe ni tam. Haka na zauna a miƙe kamar tabarya har dare, ga ragon nan a gabana, loma biyu kawai ta samu hanya.