Ku Kai Yaranku Gida Su Yi Ƙiriniya da 'Yan Uwansu

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman mu da muka tashi a ƙauye, neman abinci ya kawo mu birni, yau ga mu da iyali. Akwai abin da muke hana 'ya'yanmu ba mu ankara ba, kuma yana damuna ƙwarai. Yaro ya kai shekara 10 bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da ɗan baffansa ba. In sun haɗu wurin biki ko suna, sai gaisuwar tsaye, kowa ya koma kan wayarsa. Sannan mu ce muna so su riƙe zumunci bayan ranmu. Da me za su riƙe shi?

Ku tuna yadda namu ya ƙullu. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ku so juna. Kiwo aka tura mu tare. A kora awaki da hantsi, a manta da su saboda an hau kanya ko ana jifar goruba, sai ihun mai gona ya dawo da hankalin kowa. Lokacin kaka a bi gonar da aka cire gyaɗa ana roro, a tara kara a cinna wuta a gasa, baki da hannu su yi baƙi ƙirin, a shiga gida ana rantsuwar ba a ci komai ba. Wani lokaci mai lambu ya cafke ɗaya daga cikinmu da mangwaro a aljihu, ya ce su wa da wa, yaro yana kuka amma ya ƙi faɗin suna. Da yamma Baffa ya jera mu a zaure ya ɗauko tsumagiya, bai ware nasa ba, bai ware na ƙaninsa ba, har ɗan maƙwabci sai ya samu rabonsa, don ɗa na kowa ne. Hawaye bai gama bushewa ba Inna ta turo tuwo a akushi ɗaya, a zagaye shi ana dariyar wanda ya fi kowa ihu.

Wanda ya ƙi tona ka yana ɗan shekara 8, shi ne yau kake bugo wa waya tsakar dare in an kwantar da mahaifiya a asibiti, kuma ba ya tambayar me ya sa sai shi.

Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suka bar wa wasa gurbi a cikin dangi. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, an halatta musu tsokanar juna har tsufa, ga kuɗin shara da ake bi idan watan cika-ciki ya kama. Kaka ta kira jikanta mijinta ta ce ya gaza cefane, shi kuma ya ce ta tsufa ya sake ta. Azumi ya kai goma, yaran gida su haɗa tashe su bi unguwa, abin da aka samu a raba a dandali, a yi faɗa a kan rabon, gobe a sake fita tare. Yaron da ya sha wannan ba ya jin kansa baƙo a gidan kowane ɗan uwa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba ina cewa a bar yara su saba da ɗaukar kayan mutane ba, ko a sake su su faɗa kududdufi da damina ba babba a kusa. Ruwa ya ci yara da yawa. Ƙiriniyar da nake nufi tana da mai tsawatarwa a bayanta, kuma tsawatarwar ma tana cikin abin da ke haɗa su. Mu ne yanzu in ɗan uwa ya daka wa ɗanmu tsawa sai mu ɗaure fuska, har a yi gaba. Wallahi wannan ya fi nisan hanya raba yara.

Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake so a yalwata masa arziki, a tsawaita masa rayuwa, ya sadar da zumuncinsa. Zumunta kuwa a ƙafa take, saƙon barka da Juma'a a WhatsApp ba ya isar wa yaro.

Don haka idan an yi dogon hutun makaranta, ku kai su gida su yi sati biyu ko uku, ku bar wayar a birni, kada ku haɗa su da abinci na daban kamar baƙi. Na san akwai garuruwa a Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka sa zuwa ya zama haɗari, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Wanda garinsu ke haka, ya aika kuɗin mota a kawo masa 'ya'yan yayansa ko na ƙanwarsa, a shimfiɗa musu tabarma ɗaki ɗaya da nasa. Za su fasa kofi, za su yi dambe a kan ƙwallo, maƙwabta za su kawo ƙara. Ka hukunta su tare, sannan a zuba musu abinci a kwano ɗaya.